Waya Mai IP68 Ba Ta Ceton Mai Ita: Abin Da Ya Kamata Matasan Sabon Birni Da Isa Su Sani Game Da Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon sayar da waya ya san tambayoyin da matasa ke jerowa kafin su biya kuɗi. Nawa ne ram ɗinta? Batirin yana kwana? Kyamarar tana ɗauka da dare? A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wata: tana shiga ruwa? Kamfanoni sun gane haka, shi ya sa tallansu ya cika da hotunan waya a cikin kofi ko a ƙarƙashin famfo. Sai aka wayi gari matashi ya haddace mita nawa wayarsa za ta jure a ruwa da minti nawa za ta yi, amma shi kansa bai taɓa gwada ko zai iya minti ɗaya a ruwan da ya shanye kansa ba.

A Sabon Birni da Isa wannan giɓin yana cin rai. Gulbin Bunsuru da na Gagare masu gangarowa daga ɓangaren Katsina da Zamfara, da Gulbin Maraɗi mai shigowa daga Nijar, duk a wannan yanki suke tara ruwansu su zama Rima, wanda ke wucewa zuwa madatsar ruwa ta Goronyo. Da rani yashi ne, babur ma yana ƙetarewa. Da damina kuwa, hanyar gona da ta kasuwa da ta asibiti sai ta koma hanyar kwale-kwale. Ga kuma 'yan bindiga da suka mayar da tituna abin tsoro, har mutane da dama suka gwammace su bi ruwa, wani lokaci a guje, wani lokaci cikin duhu.

Ranar Lahadi 17 ga Agustan 2025, wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo, kuma a bayanin farko na hukumar NEMA fiye da 40 ne aka shiga nema. Kwanaki kaɗan bayan haka wani kwale-kwalen ya kife a Garin Faji da ke ƙaramar hukumar Sabon Birni, ɗauke da mutanen da ke gudun hari. Kafin nan, a Afrilun 2022, mutum 29 sun rasu a ruwan Shagari, yawancinsu masu ƙananan shekaru, sannan a Mayun 2023 yara 15 suka sake rasuwa a yankin a hanyarsu ta neman itace. Duk waɗannan labarai ta waya matasa suka same su. Lokaci ya yi da wayar za ta yi aikin da ya wuce kawo labarin mutuwa, kuma matakin farko shi ne a san iyakarta.

Me IP68 ke nufi a zahiri?

Lambar IP ma'auni ne na ƙasa da ƙasa. Lamba ta farko ta ƙura ce, kuma 6 ita ce ƙarshe. Ta biyu ta ruwa ce. IP67 na nufin an gwada wayar a zurfin mita 1 na tsawon minti 30. IP68 na nufin ta wuce haka, amma kowane kamfani shi ke faɗin nasa zurfin: Samsung kan ce mita 1.5 na minti 30 a manyan wayoyinsa, Apple kuma ya ce mita 6 na minti 30 tun daga iPhone 12. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa IP53 ko IP54 gare su, wato yayyafi da fantsama kawai suke jurewa, in an tsoma su sai dai wani ikon Allah.

Abin da talla ba ya faɗa shi ne, a ɗakin gwaji ake yin wannan awo, da sabuwar waya, cikin ruwa mai tsafta da ke tsaye cik. Ruwan Rima na watan Agusta yana gudu, cike yake da laka da yashi, kuma yana tura kansa cikin kowace ƙofa ta waya da ƙarfi. Gam da robar da ke toshe wayar suna saki da tsufa da zafin rana, kuma wayar da ta taɓa faɗuwa ko aka taɓa buɗe ta a wurin mai gyara ta riga ta rasa kariyarta. Shi ya sa garanti ba ya ɗaukar lalacewar ruwa. A 2020 hukumomin Italiya sun ci Apple tarar Yuro miliyan 10 kan yadda ya tallata jure ruwan iPhone, a 2022 kuma kotu a Ostireliya ta ci Samsung tarar dalar ƙasar miliyan 14 kan irin wannan talla.

Ko da a ce wayar ta jure, IP68 ba ya sa ta yawo a saman ruwa. Nutsewa take yi kamar dutse. Wanda wayarsa ta faɗa gulbi ya bar ta. Ana dawo da layi a ofishin kamfanin sadarwa da lambar NIN, hotuna da saƙonnin WhatsApp kuma suna dawowa in dama an ajiye su a Google Drive. In an yi sa'a an tsamo ta daga gefe, a kashe ta, a goge, a ajiye inda iska ke kaɗawa, kar a sa mata caji sai ta bushe sarai. Binne ta cikin shinkafa ba ya ƙara komai, Apple ma ya gargaɗi masu iPhone da su daina.

Ta yaya kifi ke iyo, kuma me ya hana mutum yin haka?

Hausawa sun ce kifi a ruwa sarki ne, kuma sarautar tasa tana da dalili. Ruwa ya ninka iska nauyi kusan sau 800, don haka duk abin da zai ratsa shi sai ya zama siriri mai santsi. Kifi yana lanƙwasa jikinsa hagu da dama, igiyar motsin ta gangara daga gaba zuwa wutsiya, wutsiyar ta tura ruwa baya, ruwan ya tura shi gaba. Fukafukan gefe su ne sitiyari da birki, na baya da na ciki kuma suna hana shi jirkicewa. Yawancin kifaye suna da wata jakar iska a ciki da suke ƙara wa iska ko su rage, su tsaya a zurfin da suke so ba tare da wahala ba. A gefen jikinsu akwai wani layi mai jin motsin ruwa, wanda ke ba su damar gane abin da ke kusa ko a cikin ruwan laka. Numfashi kuwa, ruwa ke shiga ta baki ya fita ta ƙarƙashin kunci, inda wasu jajayen zarurruka ke tsotse iskar oksijin da ta narke a cikinsa, duk da cewa oksijin ɗin da ke ruwa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na wanda ke sararin sama ba.

Kifayen wannan yanki kowanne da fasaharsa. Yauni yana miƙe jikinsa sambal, ya riƙa kaɗa dogon fiffiken bayansa kamar tuta, ya tafi gaba ko baya yadda ya ga dama. A kansa ne masanin nan Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano, a shekarun 1950, cewa akwai kifin da ke gane hanya da raunanan siginar lantarki da jikinsa ke fitarwa. Injiniyoyi sun daɗe suna kwaikwayon irin wannan tafiya. Cibiyar MIT ta Amurka ta ƙera mutum-mutumin kifi mai suna RoboTuna a shekarun 1990, a 2018 kuma ta nuna wani mai taushin jiki, SoFi, yana yawo cikin kifayen gaske a teku. Wasu jinsin kurungu a kife suke iyo, ciki a sama. Tarwaɗa tana da ƙarin gaɓar shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa a waje ba ta mutu ba. Gaiwa kuwa huhu gare ta, tana shiga laka ta naɗe kanta da majina ta yi watanni har ruwa ya dawo. Abin mamakin shi ne, in aka hana gaiwa leƙowa sama ta shaƙi iska, nutsewa take yi ta mutu kamar ɗan Adam.

To mutum ya fi kama da gaiwa. Jakar iskarsa ita ce huhunsa, kuma nauyin jikinsa ya yi kusan daidai da na ruwa, don haka in huhu na cike yana iya zama a sama. Matsalar ita ce kai, wanda ya kai kusan kilo 5, kuma hanci da baki a jikinsa suke. Duk abin da aka ɗaga sama da ruwa yana danna sauran jiki ƙasa. Wanda ya firgita ya ɗaga hannuwa sama, da kansa yake tura fuskarsa ciki. Wanda ya kwanta rigingine, ya mayar da kai baya har kunnuwa suka shiga ruwa, ya buɗe hannu da ƙafa yana numfashi a hankali, zai iya jira a kawo masa ɗauki. Wannan darasi ya fi kowane salon ninƙaya amfani, kuma ana koyonsa a ruwan da bai wuce ƙugu ba.

Me ya sa ruwa ke cin wanda ya iya iyo?

In gwani ya nutse, sai a ce 'yan ruwa ne suka ja shi. Amma akwai bayanin da ake iya aunawa. Ƙarfin da ruwa ke turawa da shi ba ya tafiya daidai da gudunsa: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 60 kuma yana tafiya da yawancin motoci. Zakarun ninƙaya na duniya suna cin mita 50 a kimanin daƙiƙa 21, wato mita biyu da 'yan kai a daƙiƙa, kuma na ɗan lokaci kaɗan ne. Gulbin da ya cika yana iya kai wannan gudu, kuma shi ba ya gajiya. Wanda ya yi ƙoƙarin fuskantarsa kai tsaye ƙarfinsa zai ƙare a banza. Dabarar ita ce a bi ruwan a karkace ana kusantar gaɓa, ƙafafu suna gaba saboda kututture da dutse.

Ƙarƙashin gada da bakin kwalbati da lanƙwasar gulbi, ruwa yana juyawa ya yi rami, kuma ramin bana ba lallai ya kasance inda na bara yake ba, tunda yashi yana tafiya. Laka tana riƙe ƙafa. Tsohuwar koma da ƙayar da ruwa ya kwaso suna sarƙe mutum. Babbar riga da zane da hijabi suna naɗe hannu da ƙafa. Mai goyo kuwa rai biyu take ɗauke da su. Waɗannan su ne hannuwan da ke jan mutum ƙasa, kuma dukkansu ana iya kauce musu in an san da su.

Kyamara ko igiya?

Nan ne ya kamata matasa su ji kunya. Kusan duk hatsarin ruwa yanzu yana zuwa da bidiyonsa, kuma a cikin bidiyon ana ganin wasu hannayen riƙe da wayoyi. Finafinai sun koya wa mutane cewa mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. A zahiri shiru yake yi, domin bakinsa yana leƙowa ne kawai ya ja iska ya koma, ba shi da sararin kiran kowa. Masu nazarin ceto sun ƙiyasta cewa wannan fafutuka daƙiƙa 20 zuwa 60 take ɗauka kafin ya ɓace. Lokacin da ake ɓatawa wajen zaro waya, buɗe ta, da saita kyamara, shi ne dai lokacin da mutumin ke da shi.

Ita kanta kyamarar tana kai mai ita ruwa. Wani bincike da likitoci a Indiya suka wallafa a 2018 ya ƙirga mutum 259 da suka mutu wajen ɗaukar kansu hoto tsakanin 2011 da 2017, kuma nutsewa ce ta fi kashe su. Gaɓar gulbi da ruwa ya ci ƙarƙashinta tana zubewa ba tare da sanarwa ba. A kwale-kwale kuma, in mutum biyu ko uku suka miƙe ko suka koma gefe guda don su shiga hoto, ya isa ya kifar da shi.

Masu ɗauka suna da hujja: in ba bidiyo, hukuma ba ta motsawa. Akwai gaskiya a ciki. Amma bidiyon da ke motsa hukuma shi ne wanda aka ɗauka kafin hatsari: jirgin da aka yi wa lodin da ya wuce kima, mashigin da babu rigar kariya ko ɗaya, gadar da ta karye aka bar ta. Bidiyon gawar yaro a TikTok ba ya gyara komai, sai dai ya sa uwarsa ta riƙa cin karo da shi a wayar maƙwabta.

Na'urar da ta fi kowace waya a bakin gulbi

Jarka ce. Duk lita ɗaya ta iska da aka danna cikin ruwa tana ɗaga kusan kilo ɗaya. Jarkar lita 25 wadda babu komai a cikinta, murfinta a ɗaure, tana ɗaga fiye da kilo 20, alhali rigar kariya ta yau da kullum kimanin kilo 10 zuwa 15 take ɗagawa, kuma hakan ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Masuntan Argungu a kan gora suke kwanciya su ratsa Matan Fada da homa a hannu, kuma tun 1934 duniya ke zuwa kallonsu. Jarka jikar gora ce. In aka ɗaura mata igiya mai tsawon mita 15 ko 20, an samu kayan ceto masu sauƙin kuɗi.

Ƙa'idar ceto ita ce kar mai ceto ya shiga ruwa in akwai wata hanya. Ya kwanta a gaɓa ya miƙa sanda ko gora ko rawani. In da nisa ya jefa jarka mai igiya ta wuce mutumin kaɗan, sannan ya jawo. Mai nutsewa yana damƙe duk abin da ya taɓa da ƙarfin da bai san yana da shi ba, shi ya sa sau da yawa ake fito da gawa biyu, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi.

Jarka ba ta maye gurbin rigar kariya, domin wanda ya suma ba ya iya riƙe ta, riga kuwa tana ɗaure a jiki. Dokokin hukumar NIWA sun wajabta sa rigar, sun hana lodin wuce kima da tafiyar dare. Fasinja yana da haƙƙin ya ƙi shiga jirgin da bakinsa ya kusa shafar ruwa, ko da za a ce masa matsoraci.

Bayan an fito da mutum

Abin da aka saba yi shi ne a danna masa ciki ko a juya shi ƙafa a sama don ruwa ya fito. Wannan ɓata lokaci ne, kuma yana iya sa amai ya toshe masa maƙogwaro. Abin da ke kashe shi rashin iska ne, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba ko ƙirji yana motsi. In ba ya numfashi, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, a sake hurawa sau 2, a ci gaba a haka. In ya farfaɗo a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, kuma a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, saboda huhu yana iya rikicewa bayan 'yan sa'o'i.

Kwamin otal da kududdufin unguwa

Matasan yankin da ke zuwa Sakkwato ko Kano ko Maraɗi suna cin karo da kwamin ninƙaya a otal, musamman da sallah. Tsaftar ruwan tana ruɗar ido, zurfin mita 2 ya zama kamar na ƙugu. Kafin a shiga a duba rubutun zurfi, a tabbatar akwai mai lura da aikinsa ke nan, kuma ana hango ƙasan kwamin. Ruwan da ya yi duhu yana ɓoye wanda ya nutse, kuma alama ce ba a kula da sinadarin kulorin ba. Tsalle da ka a wuri marar zurfi yana karya wuya. Wayar da ke jone da caji da kowace irin wayar wuta su yi nesa da ruwa. Gasar riƙe numfashi don a ɗauki bidiyo tana sumar da mutum a ƙasa ba tare da abokansa sun lura ba. Agogon hannu ma a duba shi: mai 3 ATM na wanke hannu ne, sai mai 5 ATM ake ninƙaya da shi. Batun cewa wanda ya ci abinci zai nutse kuwa, likitoci ba su samu hujjarsa ba. Abin da ke da hujja shi ne maye, ko na ƙwaya ko na sirop.

Kududdufi ya fi kwami haɗari. Ramukan da aka haƙa don bulo ko aikin titi gefensu a tsaye yake, taku ɗaya daga gwiwa sai ruwa ya shanye kai. Kuma akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance, ta huda fata ta shiga, daga baya yaro ya fara fitsarin jini. Ba alamar balaga ba ce, cuta ce mai lalata mafitsara, kuma ana maganinta da ƙwayar faraziƙwantel a asibiti.

Inda waya ke da amfani na gaske

Aikin waya yana zuwa ne kafin a isa bakin ruwa. Gulbi yana iya cika a Isa ko Sabon Birni alhali ko ɗigo bai sauka a garin ba, domin ruwan da aka yi a sama ne ke gangarowa. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta kashe fiye da mutum 40, cikin dare ta zo. Ɗan uwa a Shinkafi ko Ƙauran Namoda ko Maraɗi da zai turo saƙon murya cewa an kwana ana ruwa ya ba mutanen ƙasa sa'o'i na shiri. Zauren WhatsApp guda na matuƙa jirage da masunta da 'yan kasuwar kowane mashigi zai yi wannan aiki kyauta. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, NIHSA tana fitar da na ambaliya, shafin Flood Hub na Google kuma yana nuna hasashen cikar koguna har na kwana bakwai. Matashin da ke jin Turanci ya karanta, ya mayar da shi saƙon murya da Hausa.

Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kyauta. A wayoyin Android 12 zuwa sama ana iya saita maɓallin kunnawa ya kira ta in an danna shi sau biyar, abin da ke da amfani tunda jiƙaƙƙen allo ba ya jin yatsa. Sai dai kar a dogara da sabis. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, kuma ko yau akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya. Don haka a sauke bidiyon koyar da ceto tun ana da data, a raba ta Xender, a gwada a aikace da abokai. Mai ceton farko kullum wanda ke tsaye a wurin ne.

"Ai tsaro ne matsalarmu"

Za a ce mutanen da ke kwana da fargabar hari ba su da lokacin darasin iyo. Amma harin ne ke tura mata da yara cikin kwale-kwale da dare, don haka wanda ya fi fuskantar bindiga shi ya fi buƙatar sanin ruwa. Za a kuma ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Masu faɗin haka suna sa wa wayarsu gilashin kariya da kwandon roba tun ranar da suka saye ta.

Alƙaluma ma sun nuna abin yana gyaruwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na Disambar 2024 ya ce kimanin mutum 300,000 ne suka nutse a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Daga 2000 zuwa lokacin, yawan mutuwar ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, amma a Afirka da kashi 3 kacal. Bangaladash, ƙasar talakawa mai yawan ruwa, ba ta jira kwamin zamani ba. A shirin SwimSafe an kafa shingen gora a cikin tafkunan ƙauye, matasan gari suka koya wa yara yin mita 25 da tsayawa a saman ruwa na daƙiƙa 30, kuma bincike ya nuna nutsewa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a tsakanin yaran da suka koya.

Gobir ba ta rasa malamai ba. Akwai sarakunan ruwa da masunta da suka san kowane rami a gulbi. Abin da ya rage shi ne shugabannin ƙananan hukumomin biyu da masu sarauta su ware wuri marar zurfi da aka tabbatar da tsaftarsa, a killace shi, a sa mata su koya wa 'yan mata a keɓe, tunda su ne aka fi bari a baya kuma su ne suka fi yawa a jiragen kasuwa da na itace. Ranar 25 ga Yuli ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2021 don yaƙi da nutsewa, kuma ta faɗo daidai lokacin da gulabe ke fara cika. Kafin ta zagayo, kowace majalisar matasa a Isa da Sabon Birni tana iya haɗa kuɗin jarka biyu da igiya ta rataye a mashigin da ya fi kusa da ita, ta kuma tabbatar mutum biyar a cikinta sun iya kwanciya a saman ruwa da farfaɗo da wanda ya suma.